Waiwaye: An Gano Cutar Tun 1876, Doka Sai 1982

A watannin farko na 1876 wasu matasa biyu daga yankin Toscana, Leopoldo Franchetti da Sidney Sonnino, suka sauka a birnin Palermo na tsibirin Sisili tare da abokinsu Enea Cavalieri. Su biyun haihuwar 1847 ne, ke nan babu wanda ya cika talatin a cikinsu. 'Ya'yan masu hali ne, kuma a jami'ar Pisa suka karanta shari'a. Guzurinsu irin na mai shiga dokar daji ne: bindigogi, gadajen zango masu naɗewa, har da kwanukan da za su cika da ruwa su tsoma ƙafafun gado a ciki don kada ƙwari su hau su da dare. Alhali kuwa a cikin ƙasarsu za su yi tafiyar. Babu gwamnatin da ta aike su. Da kuɗin aljihunsu suka tafi, don su ga da idonsu yadda ake mulki da yadda ake noma a yankin da majalisar ƙasa ke ta cacar baki a kansa, ga shi da yawa daga masu cacar bakin ba su taɓa taka shi ba.

Shekarar Italiya goma sha biyar kacal a lokacin da zama ƙasa ɗaya. Garibaldi ya sauka a Marsala cikin watan Mayun 1860 da mayaƙa kimanin dubu, sarautar gidan Bourbon da ke riƙe da Napoli da Sisili ta rushe, aka shelanta Masarautar Italiya ranar 17 ga Maris 1861. Cavour, firaministan da ya ɗinke ƙasar, ya rasu a watan Yunin wannan shekara bai taɓa ganin Napoli ko Palermo ba. Abin da talakan kudu ya fara gani na sabuwar ƙasarsa shi ne mai karɓar haraji da mai ɗibar soja. Mutanen Sisili ba su san aikin soja na dole ba a zamanin Bourbon, sai ga shi an kawo musu. A 1869 aka fara karɓar harajin niƙa, wanda ya faɗa kan gurasar matalauci kai tsaye. A lardunan kudu da ke kan tudu an shafe shekaru ana gwabzawa da gungun mutanen da gwamnati ta kira 'yan fashi, har ta jibge sojoji sama da 100,000, ta kuma yi dokar Pica a 1863 wadda ta miƙa shari'arsu ga kotunan soja. Masu ƙuri'a a zaɓen 1861 kimanin kashi 2 cikin 100 ne na jama'a, kuma a kudu kusan mutum tara cikin goma ba ya karatu, ba ya rubutu.

Wanda ya fara ɗaga murya cikin malamai shi ne masanin tarihi Pasquale Villari, ɗan Napoli mai koyarwa a Firenze. A 1875 ya rubuta jerin wasiƙu a jaridar L'Opinione kan ƙazaman unguwannin talakawan Napoli, da ƙungiyar Kamora, da Mafiya, da fashin karkara, yana cewa duk tushensu ɗaya ne, wato halin da aka bar talaka a ciki. Franchetti da Sonnino suna cikin matasan da wannan kira ya taɓa. Sai suka ga cewa gani ya kori ji.

Sun yi watanni suna ratsa tsibirin, yawanci a kan dabba, domin hanyar keken doki ba ta kai ƙauyuka da yawa ba. Sun zauna da alƙalai da 'yan sanda da limaman coci da lauyoyi da masu gandu da manoma, suna tambaya suna rubutawa. A 1877 suka fitar da aikin cikin juzu'i biyu. Sonnino ya ɗauki manoma, Franchetti ya ɗauki siyasa da mulki.

Juzu'in Sonnino aiki ne na mai haƙuri, domin yarjejeniyoyin noma ya bi ɗaya bayan ɗaya, lardi bayan lardi. A tsakiyar tsibirin da yammacinsa akwai manyan gandayen alkama na sarakunan gargajiya waɗanda suka tare a Palermo, wasunsu ma ba su san iyakar gonarsu ba. Suna ba wani ɗan tsakiya hayar gandun gaba ɗaya na 'yan shekaru, wanda ake kira gabelloto, shi kuma ya yayyanka wa manoma a kan sharaɗin raba amfani ko biyan wani adadi na hatsi. Manomi ba shi da iri, sai ya ci bashin iri a wurin ɗan tsakiyan nan da ruwa mai nauyi. Ranar sussuka a cire bashin iri, a cire ruwansa, a cire kuɗin masu gadin gona, a cire wasu ƙananan kuɗaɗe na al'ada, abin da ya rage shi ne zai kai gida, kuma sau da yawa bai isa ya kai iyali baɗi ba, sai a sake cin wani bashin. Da yake hayar ta ɗan lokaci ce, babu mai dasa itace, babu mai haƙa rijiya, babu mai gyara ƙasa. Filayen coci da sabuwar gwamnati ta ƙwace ta sayar, waɗanda aka ce za su amfani talaka, masu kuɗi ne suka kwashe mafi yawansu. Matasan sun kuma shiga ramukan haƙar farar wuta, inda suka tarar da yara ƙanana, wasu ba su kai shekara goma ba, suna ɗauko duwatsu a baya daga ƙarƙashin ƙasa wuni guda, bayan an ba iyayensu wani kuɗi na kafin alƙalami wanda ya ɗaure yaron har sai an biya.

Juzu'in Franchetti ne ya fi tayar da ƙura, kuma shi ne har yau masu nazarin Mafiya ke komawa gare shi. Tambayar da ya yi mai sauƙi ce: a wannan tsibiri, wa ake jin tsoro, wa ake bi? Ya tarar cewa doka tana nan a takarda, amma iko na hannun duk wanda zai iya sa a harbe mutum ba tare da an hukunta shi ba. Ya bi sawun abin har zuwa 1812, shekarar da aka soke tsarin mulkin sarakunan gandu a Sisili. Kafin nan, sarakuna ne kaɗai ke da dakarun kansu. Da aka soke tsarin, sai ƙasa ta zama hajar saye da sayarwa, amma ba a kafa hukumar da za ta tsare dukiya da rai ba. Dakarun da a da suke yi wa ubangida ɗaya aiki suka zama masu zaman kansu, suna sayar da ƙarfinsu ga duk mai biya. Franchetti ya bayyana abin a matsayin sana'a mai jari da ma'aikata da shugabanni. Ya kuma lura cewa shugabannin nan ba 'yan daji ba ne masu tsumma. Masu matsakaicin hali ne: 'yan tsakiyan gandu, masu kula da lambuna, dillalai, wani lokaci har lauyoyi.

Akwai abin da ya gani wanda ya rushe bayanin da kowa ya fi so, cewa talauci ne kawai ke haifar da ta'addanci. Inda kisa ya fi yawa shi ne kewayen Palermo, cikin lambunan lemun tsami da lemun zaƙi da ake fitar da amfaninsu zuwa Ingila da Amurka, ƙasa mafi tsada a tsibirin. Lambun lemo yana cin jari mai yawa da shekaru kafin ya fara ba da 'ya'ya, kuma dare ɗaya ya isa a sare shi ko a toshe masa ruwa. Mai irin wannan dukiya dole ya nemi mai tsare masa, kuma wanda ke sayar da tsaron shi ne wanda zai sare itacen in an ƙi saye. Lardunan gabas kuwa, masu jini ɗaya da addini ɗaya da yare ɗaya da na yamma, sun fi zaman lafiya nesa ba kusa ba.

Daga nan ya hau sama. Mai gandu na buƙatar waɗannan mutane don dukiyarsa, ɗan takara na buƙatarsu don ƙuri'a, domin inda masu zaɓe 'yan ɗaruruwa ne a mazaɓa, wanda ke iya tsoratar da mutum hamsin ya riƙe sakamako. In ɗan takara ya ci, shi zai sa a sauya wa ɗan sanda mai taurin kai wurin aiki, a sassauta wa wanda aka kama, a ba wane kwangila. Gwamnatin da ke Rum kuma tana buƙatar ƙuri'ar wannan ɗan majalisa don kada ta faɗi. Shaida ya ga wannan sarƙa da idonsa, don haka in an kira shi kotu sai ya ce bai ga komai ba. Franchetti ya fahimci cewa shirun nan lissafi ne na mutumin da ya san hukuma ba za ta iya kare shi ba.

Manyan Sisili da jaridunsu suka yi ca a kan littafin, suka ce ɓatanci ne ga tsibirin. Gwamnati ma tana da nata kwamitin bincike da ya zagaya a daidai wannan lokaci, wanda Romualdo Bonfadini ya rubuta rahotonsa a 1876, kuma rahoton ya fi kwantar da hankalin masu mulki. Ga kuma siyasa. A watan Maris na 1876, matasan nan suna cikin tafiyarsu, gwamnati ta koma hannun ɓangaren Agostino Depretis, wanda ƙarfinsa ya dogara ƙwarai da kujerun kudu. Ministan cikin gida Giovanni Nicotera ya tura kantoma Antonio Malusardi Palermo, aka fatattaki 'yan fashin daji, aka kashe shahararren cikinsu Antonino Leone a 1877, aka yi shelar nasara. Iyayen gidansu na cikin birni, babu abin da ya same su.

A wannan shekara ta 1876 wani littafin ya fito wanda ya fi nasu karɓuwa a duniya. Likita Cesare Lombroso ya ce ana haihuwar mutum da laifi a jininsa, kuma ana iya gane shi daga siffar ƙoƙon kansa. Ya ce hasken abin ya zo masa ne yana duba ƙoƙon kan wani mutumin Calabria mai suna Giuseppe Villella. Almajirinsa Alfredo Niceforo, wanda shi kansa ɗan Sisili ne, ya fitar da littafi a 1898 yana cewa Italiya jinsi biyu ce, na arewa mai ci gaba da na kudu wanda bai fita daga duhun kai ba. Napoleone Colajanni, likita kuma ɗan majalisa daga tsakiyar Sisili, ya mayar musu da martani da alƙaluman ilimi da na talauci da na rabon ƙasa, yana nuna cewa laifi yana hawa yana sauka ne tare da halin rayuwa.

A nan darasin yake a wurina. Malami biyu suka dubi matsala ɗaya. Ɗaya ya zauna a ɗakin bincike yana auna ƙasusuwa, ya yanke cewa mutanen ne haka Allah ya yi su. Ɗaya ya sha rana ya tambayi nawa ne ruwan bashin iri, wa ke naɗa mai gadin lambu, wa ya sa aka ɗauke ɗan sanda. Bayanin farko yana da daɗi ga mai mulki, domin in cutar a jini take, ba a bin kowa bashin gyara. Bayani na biyu yana kiran sunan aiki: a gyara yarjejeniyar haya, a kare shaida, a raba kantoma da ɗan takara. Shi ya sa aka rungumi na farko da sauri, aka ajiye na biyu a kan kanta. Yau ilimin Lombroso ya zama abin nuni a gidan tarihi a Torino, na Franchetti kuwa har yanzu ana aiki da shi. Duk inda na ji ana bayyana koma bayan wata al'umma da cewa halinsu ne, al'adarsu ce, sai in nemi wanda ya je ya duba takardar hayar gona da lissafin haraji, domin a wurinsa amsar take.

Waɗanda suka biyo baya daga 'ya'yan kudu sun ɗora a kan wannan hanya. Giustino Fortunato na Basilicata ya ratsa duwatsun yankinsa da ƙafa, ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa kudu aljanna ce da ragwaye suka lalata. Ƙasar yumɓu ce mai zaizayewa, ruwan sama ba ya zuwa a kan kari, zazzaɓin cizon sauro ya kori mutane daga kwaruruka masu albarka, kuma yana cikin waɗanda suka yi fafutukar dokar 1900 da ta sa gwamnati sayar da maganin kwinin da araha. Francesco Saverio Nitti ya ɗauki littattafan baitulmali a 1900 ya yi lissafin abin da kowane yanki ke biya da abin da ake kashe masa, ya ce kudu na biyan fiye da ƙarfinta tana karɓar ƙasa da rabonta. Masana sun yi ta gardama kan alƙalumansa, amma ya mayar da muhawarar kan lambobi. Harajin kwastan na 1887, wanda ya kare masana'antun arewa da masu gandun alkama, ya jawo rikicin ciniki da Faransa da ya karya manoman inabi na kudu. Miliyoyi suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da Ajantina da Burazil.

Gaetano Salvemini na Puglia shi ne mafi zafin harshe. Girgizar ƙasar Messina ta 28 ga Disamba 1908 ta cinye matarsa da 'ya'yansa biyar da 'yar uwarsa. Bai daina aiki ba. A 1910 ya fitar da ɗan littafi kan zaɓen 1909 a garin Gioia del Colle, inda ya nuna yadda kantomomin firaminista Giovanni Giolitti ke haɗa kai da 'yan banga masu kulake don hana 'yan adawa zuwa rumfar zaɓe. Maganinsa shi ne a ba kowane namiji ƙuri'a, har da wanda bai iya karatu ba, kuma dokar 1912 ta ɗaga masu zaɓe daga miliyan uku da ɗoriya zuwa sama da miliyan takwas. Antonio Gramsci, ɗan tsibirin Sardiniya, yana cikin rubuta maƙalarsa kan matsalar kudu aka kama shi a watan Nuwamban 1926. A ganinsa, masu masana'antun arewa da masu gandun kudu ƙawance suka ƙulla, kuma ƙananan 'yan boko na karkara, lauya da malamin coci da akawu, su ne igiyar da ke ɗaure manomi a jikin ubangidansa. Ya rasu a 1937 bayan shekaru a kurkukun Musolini.

Kada a ɗauka Franchetti waliyyi ne. Maganin da ya bayar a littafinsa shi ne gwamnati ta cire 'yan Sisili daga tafiyar da mulkin tsibirinsu, ta kawo ma'aikata daga waje, kamar dai mutanen da ya zauna da su ba su da abin cewa kan rayuwarsu. Mafi muni, da Italiya ta shelanta Iritiriya a matsayin mallakarta a 1890, shi aka ba aikin zaunar da manoman Italiya a kan tudun ƙasar. Mutumin da ya ga zaluncin raba manomi da ƙasa a Sisili bai ga laifin a karɓe ƙasar manomin Afirka a ba ɗan ƙasarsu ba. Ƙwace filaye na cikin abin da ya tayar da boren Bahta Hagos a watan Disamban 1894, kuma ranar 1 ga Maris 1896 sojojin Habasha suka murƙushe na Italiya a Adwa. Idon da ya buɗe a gida ya rufe a ƙetaren teku, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa. Franchetti ya kashe kansa a Nuwamban 1917 bayan kashin da Italiya ta sha a Caporetto a yaƙin duniya na farko. Sonnino ya yi firaminista sau biyu, a 1906 da 1909, kowane karo kwana ɗari da 'yan kai, bai samu sararin aiwatar da gyaran da ya rubuta ba.

Abin da suka faɗa kuwa sai tabbata yake yi. Ranar 1 ga Fabrairu 1893 aka daddaɓa wa Emanuele Notarbartolo wuƙa a cikin jirgin ƙasa, mutumin da ya riƙe magajin garin Palermo da shugabancin Bankin Sisili ya kuma ƙi yarda a wawure shi. Aka tuhumi ɗan majalisa Raffaele Palizzolo, kotun Bologna ta same shi da laifi a 1902, aka soke hukuncin, kotun Firenze ta sallame shi a 1904, ya koma Palermo aka tarbe shi da biki. Musolini ya tura Cesare Mori a 1925, ya kama dubbai, da bincikensa ya fara taɓa manya sai aka janye shi a 1929. Bayan yaƙin duniya na biyu aka riƙa kashe shugabannin ƙungiyoyin manoma masu neman a raba gandaye, irin su Placido Rizzotto na Corleone a 1948. Kwamitin majalisa na binciken Mafiya ya fara aiki a 1963, ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a 1976, shekara ɗari cif bayan tafiyar matasan nan. Ɗan majalisa Pio La Torre, ɗan manoman gefen Palermo, ya kawo ƙudurin da zai mayar da zama ɗan Mafiya laifi a karan kansa, ya kuma ba kotu ikon ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. Aka harbe shi ranar 30 ga Afrilu 1982. Aka harbe Janar Carlo Alberto dalla Chiesa, sabon kantoman Palermo, ranar 3 ga Satumba. Bayan kwana goma majalisa ta zartar da dokar. Da ita alƙalai Giovanni Falcone da Paolo Borsellino suka gurfanar da mutum 475 a babbar shari'ar da aka fara a 1986, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Janairun 1992, kuma kafin watan Yulin shekarar ya ƙare an kashe su duka biyun da bam.

Tsakanin fitowar littafin da zartar da dokar shekara 105 ne. Malamai sun sauke nasu nauyin tun daga farko. Alhakin jinin da ya zuba a tsakani yana wuyan gwamnatocin da suka gaji juna a Rum, na sarauta da na Fasist da na jamhuriya, waɗanda suka san gaskiyar suka zaɓi ƙuri'a.